Horo da ladabi a rundunar sa-kai ta zamanin Turawa: darasi daga Hong Kong

"Malam, kakanmu ya yi soja a zamanin Turawa har ya je yaƙin Bama, kuma labarin da ya bar mana na bulala ne da gadirum. Kwanan nan na ji cewa a wasu ƙasashen da Ingila ta mallaka akwai rundunonin sa-kai, 'yan kasuwa da akawuna masu yin soja bayan an tashi aiki. Su waɗannan yaya ake horar da su? Mutumin da ba a biyansa, kuma yana iya cewa ya daina, da me ake ladabtar da shi? Sun ma iya yaƙi kuwa?"

Malam mai tambaya, Allah ya jiƙan kaka. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma tambayarka ta kasu uku: me ake iya koya wa mutumin da ranarsa ta ofis ce ko kanti, me ke riƙe shi a layi tunda babu albashi babu bariki, sannan ranar da wuta ta tashi wane amfani horon ya yi. Irin waɗannan rundunoni sun yi yawa, akwai su a Singafo da Indiya da Ostireliya da sauran wurare, kowace da dokarta. Zan tsaya a kan ta Hong Kong, tsibiri da tashar jiragen ruwa da Ingila ta mallaka a kudancin ƙasar Sin, saboda ta daɗe, daga 1854 har 1995, kuma an jarraba ta da yaƙi na gaske a Disambar 1941.

Inda tsarin ya fito

A 1854 Ingila ta shiga yaƙin Kirimiya da Rasha. Aka rage jiragen yaƙin da ke gadin tashar Hong Kong, ga kuma 'yan fashin teku a kewaye. Turawa 99 suka ba da sunayensu domin tsare garin. Tsoro na lafawa, rundunar ta watse. An sake kafa ta a 1862, ta mutu a 1866, sai a 1878, da aka sake jin ƙishin-ƙishin yaƙi da Rasha, aka tayar da ita ta zauna. Wannan faɗi-tashi shi ne babbar cutar sojan sa-kai ko'ina: idan ana tsoro fili ya cika, idan hankali ya kwanta saje ya tsaya da mutum goma. Duk dokokin da aka yi daga baya ƙoƙari ne na maganin wannan cuta.

Maganin daga Ingila ya zo. A ranar 12 ga Mayu 1859, saboda fargabar harin Faransa ta Napoleon na Uku, gwamnati ta ba da izinin kafa ƙungiyoyin sa-kai na masu bindiga da na igwa, kuma zuwa 1862 sun haura mutum 160,000. Da farko kowa shi ke sayen kakinsa da kayansa, sai aka ga mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya ba, mai kuɗin kuma ya fara gajiya. Dokar 'yan sa-kai ta 1863 da ƙa'idojin da suka biyo ta suka kawo dabarar da komai ya rataya a kanta. Gwamnati za ta biya sule 20 a shekara a kan kowane mutum da ya cika sharaɗi, sule 30 idan na igwa ne, da ƙarin sule 10 ga mai bindigar da ya yi harbin da aka ƙayyade. Sharaɗin shi ne kurtu ya halarci fareti 30, tsohon hannu kuma 9 a shekara, sannan a gan shi ranar da babban hafsa ya zo duba runduna. Kuɗin ba ya shiga aljihun mutum. Asusun runduna yake shiga, da shi ake ɗinka kaki, a biya hayar zauren fareti, a gyara filin harbi. A 1908, da aka sake fasalin rundunar sa-kai ta Ingila, sharaɗin sojan ƙafa ya koma fareti 40 na awa guda ga kurtu, 10 ga tsohon hannu, da zaman sansani na kwana 8 zuwa 15, da alkawarin shekara 4.

Waɗannan adadin na Ingila ne. Gwamnan kowace ƙasar mallaka ya ɗauki tsarin ya gyara lissafin yadda ya dace da wurinsa, amma ma'aunin ke nan. Ka lura da ƙanƙantarsa: awa 40 a shekara abu ne da kurtun bariki ke cinyewa a kusan mako guda.

Abin da ake koyarwa, da inda yake lalacewa

Masu koyarwa ba 'yan sa-kai ba ne. Ana aro hafsa guda daga sojojin albashi ya riƙe littattafai da jadawalin horo, da sajoji tsofaffin hannu da ke zaune a hedikwata dindindin. Su ne ƙashin bayan rundunar. Idan aka dace da saje mai haƙuri wanda ya san yadda ake gyara babban mutum ba tare da an wulaƙanta shi ba, kamfani, wato rukunin sojojin da yake koyarwa, ya yi kyau. Idan aka kawo wanda zagin bariki kaɗai ya iya, cikin wata biyu layi ya rage.

Matakin farko fareti ne da yamma bayan an tashi aiki: tsayuwa, juyawa, maci taku 120 a minti, kowane taku inci 30, sarrafa bindiga a kafaɗa. Amfaninsa a sabar wa jiki bin murya kafin kai ya tsaya tunani. Matsalarsa kuwa, mutanen da suka zo ranar Litinin ba su ne za su zo ranar Alhamis ba. Saje ya koyar da darasi na uku, mako mai zuwa rabin layin ba su ga na biyu ba, dole ya koma baya. Shi ya sa ake samun wanda ya shekara biyar yana cika sharaɗi a takarda, amma darasin farko kawai ya maimaita sau da yawa. Hafsoshin ma haka suke, lauya ne ko manajan banki da ya ci jarrabawa ta takarda, ba kasafai ya taɓa jan ragamar cikakken kamfaninsa a daji ba.

Inda 'yan sa-kai suka fi ƙwarewa shi ne harbi, domin abu ne da mutum ke koya shi kaɗai kuma yana da daɗi. A zamanin bindigar Lee-Enfield, mai cin harsashi 10 da ake ɗurawa biyar-biyar, koyarwar tana bin tsari. Ana farawa da tsaftace bindiga da sanin sassanta. Sai saiti: a ɗora bindiga a kan buhun yashi bisa mazauni mai ƙafa uku, kurtu ya saita sau uku ba tare da ya taɓa ta ba, a ɗiga alama kowane karo, a haɗa ɗigon uku. Idan sun yi nisa da juna, idonsa bai zauna ba tukuna, kuma ba shi harsashi asara ce. Sai matsa kunama, wadda a wannan bindigar hawa biyu ce: a ɗauke na farko, a riƙe numfashi, a matse na biyu a hankali. Sai ɗuri da harsasan gwaji marasa albarushi. Bayan nan ƙaramin filin harbi na yadi 25 da ƙananan harsasai masu araha, sannan babban fili. A yadi 100 ana harba biyar a ga ko za su taru cikin da'ira mai faɗin inci 4, ko 8, ko 12, ba ruwan malami da ko sun faɗa tsakiya. Taruwar ce shaidar hannu ya zauna, gyaran saiti kuma abu ne mai sauƙi. Daga nan a ja baya zuwa yadi 200, 300, har 600, a zo harbin abin da ke ɓullowa ya ɓace, da harbin sauri, wanda ma'aunin sojan albashi a cikinsa harbi 15 ne masu saiti a minti guda.

Abu uku ke ɓata wannan. Na farko razana: wanda aka gaggauta kai shi babban fili yakan runtse ido ya fizgi kunama tun kafin ƙarar ta fito, harsashi ya kauce, kuma sai an mayar da shi kan harsasan gwaji yake warkewa. Na biyu son gasa. Ƙungiyoyin sa-kai sun cika son kofi, sai ka ga mutum goma suna cinye harsasan kamfani a harbin allo daga nisan da aka auna, a kwance, babu gaggawa, sauran tamanin kuma da ƙyar suke haye mafi ƙarancin maki. A fagen fama babu mai gaya maka nisa, kuma kintacen nisa da ido shi ne darasin da aka fi tsallakewa. Na uku tsatsa. Harsasan wancan zamani suna barin gishiri a cikin bututun bindiga, mai ba ya wanke shi, sai an zuba tafasasshen ruwa, a busar da ƙyalle mai inci 4 da 2 a jikin igiya, a shafa mai, a maimaita gogewar kwanaki a jere. Wanda ya yi harbi ranar Lahadi ya koma ofis ranar Litinin, a gari mai danshin teku kamar Hong Kong, idan ba a sa ido ba zai tarar bututun ya ci.

Zuwa shekarun 1930 ƙarfin rundunar Hong Kong ya koma kan igwa ta bakin teku da bindiga mai jigida ƙirar Vickers, kuma zaɓin ya yi daidai, domin aiki ne na ƙwarewar hannu da mutum shida zuwa takwas za su iya maimaitawa a zaure da dare. Jigidarta ta ƙyalle ce mai harsashi 250, tana fitar da 450 zuwa 500 a minti. Bututun yana cikin rigar ƙarfe mai ɗaukar ruwa kusan lita 4, wanda ke tafasa bayan harbi kusan 600 a jere, don haka ake jona tiyo zuwa galan ya kama tururin, in ba haka ba tururin zai nuna wa abokin gaba inda kake. Na ɗaya shi ke ɗaukar mazaunin mai nauyin kusan kilo 23 kuma shi ke harbi, na biyu ya ɗauki bindigar ya kula da jigida, na uku ya kawo akwatin harsashi da galan. Ana koya musu harbi guntu-guntu, wajen 25 a lokaci guda, a duba saiti, a sake.

Zuciyar horon ita ce gyaran cijewa. Idan bindigar ta tsaya, hannun da ke kai da komo a gefenta na dama yakan tsaya a ɗayan wurare huɗu, kuma kowane wuri na faɗin cutar. Na farko, ƙarfin komawa baya bai isa ba, ko datti ya yi yawa. Na biyu, harsashi ya lanƙwashe ko kwankon wanda aka harba ya tsinke a ciki. Na uku, jigida ba ta shiga daidai. Na huɗu, harsashi bai tashi ba ko allurar da ke dukansa ta karye. Ana maimaita wannan har mutum ya gane da lalube a cikin duhu. Abin da ya fi jawo cijewa kuwa sakaci ne tun daga ɗuri: harsasai ba su jeru kai ɗaya a jigida ba, ko ƙyallen ya jiƙe ya kumbura ya riƙe su. Kamfanin da ya bar wa kurtu cika jigida ba tare da kofur ya duba ba, zai gane kuskurensa a lokacin da babu damar gyara.

Saura sansani na shekara, wanda a Hong Kong ake yi da sanyi a karkarar arewa, wajen Fanling. Nan kaɗai kamfani ke kwana tare, ya yi gadi da dare, ya haƙa rami, ya yi tafiyar ƙafa ta minti 50 da hutun minti 10, ya koyi inda ake haƙa masai nesa da ruwan sha da yadda ake kare kai daga sauro. Mako biyu na sansani sun fi faretin shekara amfani. Amma banki ba zai saki akawunansa duka a mako guda ba, kamfanin jiragen ruwa ma haka, sai a raba zuwan kashi-kashi. Sakamakon haka mutane sun iya bindigarsu, sun san duwatsun garinsu, amma rawar daji ta bataliya guda, inda kamfani ke kai hari wani na rufa masa baya da wuta, ita ce ba su samu yadda ya kamata ba.

Abin da ke riƙe mutum a layi

Ɗan sa-kai yana da matsayi uku a gaban doka, kuma wanda bai rarrabe su ba ba zai fahimci ladabinsa ba. A faretin yamma farar hula ne sanye da kaki. Dokar 1863 ta ba shi damar barin runduna da sanarwar kwana 14, muddin ya mayar da bindiga da kaya lafiya ya biya bashin da ke kansa. Idan ya yi taurin kai a fili, iyakar abin da hafsa zai yi shi ne ya sa a tsare shi har a tashi daga faretin ranar, sai kuma kwamanda ya kore shi. Matsayi na biyu, daga 1871 a Ingila, idan yana atisaye tare da sojojin albashi dokar soja ta hau kansa na wannan lokacin. Na uku, idan aka shelanta kiran yaƙi: ƙofar fita ta rufe, ya zama soja sosai, da kotun soja da duk hukuncinta.

Tunda mafi yawan shekara a matsayi na farko ake, hukuncin yau da kullum tara ce da kunya. Kowace runduna na da ƙa'idojinta da mutum ke sa wa hannu ranar shiga: tarar magana a layi, tarar nuna mutum da bindiga ko da babu harsashi, tarar harbi ba umarni, biyan abin da ya ɓata. Wanda bai cika sharaɗin shekara ba, sau da yawa shi zai biya kuɗin da runduna ta rasa a kansa, kuma ana iya karɓa ta hannun majistare kamar kowane bashi. Nan hikimar tsarin take. Abin kamar adashi ne, wanda ya ƙi zubi abokansa ya cuta. Kyaftin ba ya buƙatar daka tsawa, 'yan layin mutum ne za su bi shi har ofis a watan ƙarshe su ce saura maka fareti biyu.

Kora kuwa, a ƙaramar al'umma inda kowa ya san kowa, hukunci ne mai nauyi. Sunan mutum zai fito a takardar umarnin runduna, maigidansa a wurin aiki wataƙila manjo ne a rundunar, waɗanda zai zauna da su a kulob da yamma sun karanta. Amma makamin yana da dakushi ta gefe guda: duk wanda aka kora, kuɗin kansa ya tafi da shi, don haka kwamanda yakan kau da ido ga wanda ya kamata a sallama. Akwai kuma rikicin muƙami. Akawu na iya zama saje, manajansa kuma farabiti a layinsa. Gobe da safe su koma ofis matsayi ya juye. Sajen da ke tunanin ƙarin albashinsa ba zai iya gyara tsayuwar maigidansa da murya ɗaya da ta sauran ba, kuma da zarar layi ya lura da haka, umarni ya zama roƙo. A farkon zamani wasu rundunonin ma zaɓen hafsoshinsu suke yi da ƙuri'a, abin da ya sa farin jini ya fi iyawa tasiri.

A Hong Kong an kasa kamfanoni bisa asali. A 1941 kamfani na 2 na 'yan Sikotlan ne, na 3 na ruwa-biyu 'ya'yan Turawa da Sinawa, na 4 da na 7 na Sinawa, na 5 da na 6 na zuriyar Fotugal. Ta fuskar ladabi wannan ya yi aiki, domin wanda ke kusa da kai a rami ɗan'uwanka ne ko surukinka, gudu a gabansa abin kunya ne har abada. Amma ba don wannan kaɗai aka yi shi ba, wariya ce ta mulkin mallaka, kuma ita ta sa a garin da mafi yawan mutanensa Sinawa ne, kasonsu a rundunar ya kasance kaɗan. Kafin yaƙin 1941, sau biyu kuma sa-kai ya gaza aka koma tilas: a 1917, da kuma 1939, lokacin da doka ta wajabta wa mazan Ingila mazauna garin yin hidima. Tilas tana cika layi, sai dai kunyar da ke riƙe wanda ya kawo kansa ba ta kama wanda aka kawo.

Bambancinsa da sojan kakanka

Kakanka ba ɗan sa-kai ba ne da wannan ma'anar, ko da da ƙafarsa ya je. Rundunarsa ta samo tushe daga dakarun Hausawa da wani hafsan Ingila, Glover, ya tara a Legas a 1863, da rundunar iyakar Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugard kafawa a 1897. Sojan albashi ne na cikakken lokaci, yana kwana a bariki, dokar soja na kansa dare da rana. Kurtu yakan yi watanni a makarantar horo ta Zariya, wadda aka buɗe a 1924, kuma da Hausa ake mu'amala tsakanin hafsa da soja a rundunar Nijeriya, har Turawan sai sun ci jarrabawar harshen. Ta fuskar yawan horo ya fi ɗan sa-kai nesa ba kusa ba.

Bulalar da ya ba ku labari kuwa ba ƙari ya yi ba. Ingila ta soke bulala a rundunarta ta gida a 1881, amma ta bar ta a kan sojan Afirka har zuwa 1946. Hujjar da hafsoshi ke kawowa ita ce wai baƙar fata ba ya jin wani hukuncin. Wannan hujja ƙarya ce, kuma rundunonin sa-kai su ne shaida, domin gwamnati ɗaya, a zamani ɗaya, ta riƙe dubban mutane masu bindiga da tarar sule da tsoron zubewar mutunci. Bambancin yana ga wanda doka ta ɗauka mai mutuncin da za a kiyaye, da wanda ta ɗauka ɗan ƙwadago mai bindiga.

Jarrabawar Disambar 1941

An kira 'yan sa-kai na Hong Kong ana jajibirin harin Japan. Wajen mutum 2,200 ne, ƙarƙashin Kanar Rose, cikin dakaru kusan 14,000 na Janar Maltby, waɗanda suka haɗa da bataliyoyin Ingila da Indiya da biyu na Kanada da suka sauka makonni uku kacal kafin yaƙin. Japan ta kawo hari ranar 8 ga Disamba, ta lalata 'yan jiragen saman da ke filin Kai Tak tun da safe, ta kore masu tsaro daga ɓangaren tudu da ke haɗe da ƙasar Sin cikin kwana biyar, ta tsallaka zuwa tsibirin a daren 18 ga wata.

Abin da ya biyo baya ya bi sawun horon sak. Inda aka ajiye 'yan sa-kai a wuri guda da bindigar da suka sani, sun tsaya. Kamfani na 3, ƙarƙashin Manjo Evan Stewart, wanda shugaban makaranta ne a rayuwarsa ta yau da kullum, yana tsare mashigin Wong Nai Chung, inda hanyoyin tsakiyar tsibirin ke haɗuwa. Ranar 19 ga wata 'yan tsirarun mutane a ɗakunan kankare biyu da ke kan dutsen Jardine, da bindigoginsu na Vickers, suka yi wa dakarun Japan ɓarna mai yawa, suka riƙe wurin mafi yawan yinin bayan an kewaye su. Kamfanin ya yi asarar mutane sosai. A tashar lantarki ta North Point, wata ƙungiya ta dattawa 'yan sama da shekara 55, da yawansu sun ga yaƙin 1914, ƙarƙashin Manjo Paterson shugaban kamfanin kasuwanci na Jardine, wadda aka ajiye don gadin masu ɓarna kawai, ta tsinci kanta a bakin daga ta yi faɗa tun dare har washegari. Babu bulalar da za ta sa dattijo ya yi haka.

Inda aka nemi abin da ba a koya musu ba kuwa, abin ya yi muni. 'Yan igwar harbo jiragen sama da ke Sai Wan, a gabashin tsibirin, an auka musu cikin dare a daren tsallakowar, aka kama da yawa aka kashe su da banati bayan sun miƙa wuya. Rukunin igwa na 1, bayan an umarce su su lalata igwoyinsu su janye, an mayar da su sojan ƙafa a Stanley, a kudancin tsibirin, suka yi asara mai tsanani. Hare-haren da aka yi don ƙwato mashigin sun ci tura ɗaya bayan ɗaya, domin tarkacen rukunoni ne da ba su taɓa atisaye tare ba, wayoyin sadarwa sun tsinke, babu jirgin sama. Adalci ne a ce wannan gazawar ba ta 'yan sa-kai kaɗai ba ce, ta shafi sojojin albashi ma, kuma babu horon da zai ceci tsibirin da aka yanke daga kowane agaji. Gwamna Mark Young ya miƙa wuya ranar 25 ga Disamba. Daga rundunar sa-kai, 289 aka lissafa sun mutu ko sun ɓace, da yawa daga sauran suka shiga sansanin fursuna na Sham Shui Po. Wasu sojojin Hong Kong da suka sulale ta ƙasar Sin, ciki har da 'yan sa-kai, sun isa Indiya, aka haɗa su kamfani guda na mutum fiye da 100, suka shiga dajin Bama a 1944 cikin dakarun Chindit masu kutsawa bayan layin sojojin Japan, waɗanda bataliyoyin Nijeriya na 6 da 7 da 12 ma suka yi yaƙi a cikinsu.

Idan za ka auna wata rundunar

Kada a ɗauki Hong Kong a shafa wa kowa. A lokacin gari ne ƙarami mai kuɗi, da sojojin albashi a kusa masu ba da aron malamai da filin harbi. Rundunar masu gonakin roba a Malaya, inda mutum zai yi tafiyar mil da yawa kafin ya iso fareti, ko ta ma'aikatan jirgin ƙasa a Indiya da ke warwatse a tashoshi, matsalarsu ta halarta ta fi wannan tsanani. Idan rahoton shekara na irin wannan runduna ya shigo hannunka, adadin sunayen da ke rajista shi ne mafi ƙarancin amfani, domin kwamanda na da dalilin kuɗi na barin sunan wanda ya daina zuwa. Dubi adadin waɗanda suka cika sharaɗi, sannan waɗanda suka gama harbin shekara da darajar da suka samu, sannan waɗanda suka kwana sansani daga farko har ƙarshe. Adadi na ƙarshen nan shi ne ya fi kusa da yawan mutanen da kwamanda zai iya tura su aiki tare ranar da aka yi kira.